Magunan titi: Yadda birane ke rage yawansu ba tare da zalunci ba

Magen titi, wato kyanwar da ba ta da ubangida, dabba ce da kowane birni ke da ita amma da wuya a sami hukumar da ta san adadinta. Ana ganinta a bayan mayanka, da gindin bola, da rumbunan hatsi, da harabar asibitoci da sakatariyoyin gwamnati, duk inda abinci ke zuba kuma akwai lungun fakewa. Mai shagon hatsi na maraba da ɗaya ko biyu saboda ɓera. Idan suka kai ashirin, suka cika dare da kuka, suka soma fitsari a kan buhuna, sai hira ta koma kan guba. Likitocin dabbobi da hukumomin birane a Turai da Amurka da Gabas ta Tsakiya sun shafe fiye da shekara arba'in suna gwada wata hanya ta daban, kuma a yau akwai isassun alƙaluman da za a auna ta da su.

Wace ce magen titi?

Masana sun kasa magunan da ke yawo a waje kashi uku, kuma rabon yana da amfani domin kowane kashi da maganinsa. Akwai ta gida mai fita yawo ta dawo. Akwai wadda ta taso a hannun mutane sannan ta ɓata ko aka yar da ita; wannan takan matso kusa, ta yi kuka tana kallon mutum, kuma tana iya komawa zaman gida. Sai ta uku, wadda aka haifa a kango ko cikin kwalbati, ba ta taɓa jin hannun ɗan Adam ba. Ita ba ta kusantar kowa, galibi da dare take fita, kuma idan aka rufe ta a ɗaki ba ta sabawa.

Abin da ya raba ta biyu da ta uku 'yan makonni ne kawai. Ɗan mage yana koyon yarda da mutum ne tsakanin mako na 2 da na 7 da haihuwa. Wanda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakani ya zama na gida. Wanda ya wuce wata uku ko huɗu bai san hannu ba, da ƙyar yake sabawa. Hausa ma ta san wannan bambanci tun tuni: idan aka ce muzuru, namijin mage ake nufi, amma abin da ke zuwa zuciyar mai sauraro shi ne ƙaton nan mai tabon faɗa a fuska da ke hawa katanga ya kwashe 'yan tsaki.

Asalin su duka ɗaya ne, kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta biyo ɓera zuwa rumbunan manoman farko. A tsibirin Kubrus an tono kabarin da aka binne mutum tare da mage, wanda ya kai kimanin shekara 9,500. Hatsi ne ya haɗa mu da ita, kuma har gobe shi da shara ne ke riƙe da ita a gari.

Lissafin haihuwa

Mage na iya ɗaukar ciki tun tana da wata huɗu zuwa shida. Cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, kuma takan sake neman namiji makonni kaɗan bayan ta yaye. A ƙasashe masu sanyi haihuwar na bin lokacin da rana ke tsawo. A yankunan da ke kusa da tsakiyar duniya tana iya faruwa kowane wata na shekara.

Akan ji ana yaɗa cewa mage ɗaya da zuriyarta na iya zama dubban ɗaruruwa cikin shekara bakwai. Wannan lissafin takarda ne, wanda ya ɗauka babu mai mutuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2004 kan magunan waje a jihar Karolina ta Arewa a Amurka ya gano cewa uwa na haihuwa sau 1.4 a shekara a matsakaici, 'ya'ya kamar uku kowace haihuwa, kuma kashi 75 cikin 100 na 'ya'yan na mutuwa ko ɓacewa kafin su cika wata shida. Mota, kare, yunwa, cuta. Wanda ke ganin barin maguna su yi ta haihuwa shi ne tausayi, ya dubi wannan adadi: uku daga cikin kowane huɗu ana haifarsu ne don su mutu cikin wahala. Duk da haka, ɗayan da ya rayu ya isa ya riƙe yawansu, har ya ƙara shi, muddin akwai abinci.

Me ya sa guba da kora ba sa kawar da su

Yawan maguna a unguwa yana bin yawan abincin da ke unguwar. Idan aka kashe goma aka bar bolar da ke ciyar da su, an dai share wa wasu goma wuri ne. Na maƙwabta su shigo, waɗanda suka tsira su sami ƙoshi, 'ya'yansu su fi rayuwa. A Tasmaniya ta ƙasar Ostareliya an gwada kashe magunan daji kaɗan-kaɗan na tsawon wata 13 a wasu dazuzzuka, sai masu binciken suka tarar adadin da kyamarorinsu ke gani ya ƙaru da kashi 75 zuwa 211 cikin 100 a wuraren da aka yi kisan. Bayaninsu shi ne, an cire manyan da ke tsare yankin, ƙanana suka kwararo.

Guba kuwa ba ta zaɓe. Shinkafar ɓera da aka barbaɗa a kan kifi kaza na iya ci, karen maƙwabci na iya ci, yaro mai rarrafe na iya kai hannu, kuma a kasuwar abinci kusa take da abin da za a sayar wa jama'a. Mutuwar da take jawowa mai tsawo ce, wani lokaci kwanaki ana zubar jini ta ciki. Dokokin hukunta laifuka na Najeriya, na Arewa da na Kudu, duk sun haramta azabtar da dabba, ko da yake ba kasafai ake gurfanar da kowa a kai ba. Al'adar jefa mage a buhu a kai ta bayan gari ita ma sauya wa matsala adireshi ne: ko ta dawo, ko ta mutu a hanya, ko ta zama kayan wata unguwar.

Inda kisa ya yi nasara, tsibiri ne da babu ta inda wata za ta shigo. A tsibirin Mariyon na Afirka ta Kudu an kai maguna biyar a 1949 don su kama ɓeraye a tashar duba yanayi. Zuwa 1977 sun kai kimanin 3,400, suna cinye dubban ɗaruruwan tsuntsayen teku a shekara. Sai da aka saki cuta a cikinsu, aka bi da bindiga da tarko da guba, kafin a ga bayansu a 1991. Shekara 14 ke nan, a wurin da ruwa ya kewaye, babu kasuwa, babu mai zubar da shara. Birni ba tsibiri ba ne.

Kama, yi wa aiki, mayar

Hanyar da aka fi sani a yau tana da matakai uku, waɗanda Turawa ke taƙaitawa da TNR: a kama mage da tarkon da ba ya jin ciwo, likita ya yi mata aikin hana haihuwa tare da allurar riga-kafi, a mayar da ita inda aka ɗauko ta. An fara gwada ta a Ingila da Denmak, ta bazu a Amurka bayan kafa ƙungiyar Alley Cat Allies a 1990.

Tarkon akwatin waya ne mai ƙofar da ke faɗuwa idan dabbar ta taka wani faranti a ciki. Masu aikin kan shafe kwanaki suna ajiye abinci a wuri ɗaya a lokaci ɗaya har magunan su saba, sannan su hana abincin na yini guda, su ɗana tarkon da kifin gwangwani. Da zarar ƙofa ta rufe sai a lulluɓe shi da tsumma, domin duhu na kwantar mata da hankali. Ba a kama magen da ba ta saba da mutum da hannu, ba a kuma barin tarko a rana.

Namiji ana yi masa fiɗiya, aikin 'yan mintuna. Mace ana buɗe cikinta a cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa. Duka biyun likitan dabbobi ne ke yi, bayan an sa dabbar barci da allura. Wannan na buƙatar nanatawa a ƙasar da ta saba da dandaƙar rago da ɗan akuya: ba a yi wa mage dandaƙa, ba a ɗaure mata roba, kuma ba a ba ta farasitamol don rage zafi, domin ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Tun tana barcin ake yi mata allurar ciwon hauka, a yanke kan kunnen hagu kamar santimita ɗaya. Wannan yankan shi ne shaida; daga nesa kowa zai gane an gama da ita, ba sai an sake kamawa an kashe kuɗi ba. Namiji kan koma bayan kwana ɗaya, mace bayan ɗaya ko biyu idan ɗinkin ya yi kyau. 'Ya'yan da suka kai wata biyu, nauyinsu ya kusa kilo ɗaya, su ma ana iya yi musu.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi ɗaure wa mutane kai: don me za a mayar da abin da ake kuka da shi? Dalili shi ne, magen da ba ta haihuwa tana ci gaba da cin abincin wurin, ta rage abin da baƙuwa mai haihuwa za ta samu. Sannan yawancin abin da ke damun jama'a halin neman jinsi ne. Kukan dare na macen da ke neman namiji, faɗan muzurai, da fitsarin nan mai ƙarfin wari da suke fesawa a bango, duk suna raguwa sosai bayan aikin. Muzurun jiya sai ya koma kusan kyanwar Lami.

Ba kowace ake mayarwa ba. Ƙanana da masu sabo da mutane ana nema musu gidaje. Wadda cuta ko rauni ya ci ƙarfinta, likita ya yi mata allurar da za ta mutu ba tare da wahala ba. Wannan ma cikin tsarin yake.

Abin da alƙaluma suka nuna

A harabar Jami'ar Tsakiyar Fulorida, masu sa-kai sun bi maguna 155 na tsawon shekara 11. Ƙidayar 1996 ta sami 68 a harabar. Ta 2002 ta sami 23, kuma ba a sake ganin jariri ba bayan 1995. Sai dai kusan rabin magunan gidaje aka sama musu, wato ba aikin likita kaɗai ya kawo raguwar ba. A garin Niyuberifot na jihar Masacusets, inda kimanin 300 ke zaune a bakin kogi a 1992, ta ƙarshe ta mutu a 2009. Shekara 17.

Birnin Rum ya ba da darasi mai ɗaci. Tsakanin 1991 da 2000 an yi wa kimanin maguna 8,000 aiki. Da aka duba garke 103, an ga raguwar kashi 16 zuwa 32 cikin 100, amma sababbin shigowa, wato waɗanda mutane suka yar da waɗanda suka zo da kansu, sun kai kusan kashi 21. Masu binciken suka ce muddin ba a hana masu magunan gida barin nasu suna haihuwa suna zubar da 'ya'yan ba, aikin ɗiban ruwa da kwando ne.

Bincike mafi tsawo a babban birni shi ne na Rishon Leziyon a Isra'ila, wanda aka yi shekara 12 ana yi, aka wallafa a 2022 bayan an yi wa maguna sama da 22,000 aiki. Lokacin da ake yi a rabin unguwanni a bar rabi, adadin bai sauka ba, saboda na can na cike gurbin na nan. Sai da aka game birnin, aka riƙe sama da kashi 70 cikin 100 marasa haihuwa, sannan ya soma sauka da kimanin kashi 7 a shekara. A ganina wannan shi ne adadin da ya kamata duk shugaban ƙaramar hukuma ko na kasuwa ya riƙe kafin ya fitar da ko sisi. Yi wa biyar aiki cikin hamsin alheri ne ga biyar ɗin, amma ba zai rage komai ba. Gara a gama da layi ɗaya kakaf sannan a matsa na gaba.

Inda doka ta shiga

Italiya ce ta yi fice wajen sa abin a doka. Doka mai lamba 281 ta 1991 ta hana cutar da magunan da ke rayuwa a sake, ta ɗora wa hukumar lafiya yi musu aiki da mayar da su cikin garkensu, ta kuma hana kashe su sai mai tsananin ciwon da ba ya warkewa. A tsakiyar Rum, cikin kufan Largo di Torre Arjentina, kusa da inda aka kashe Yuliyas Kaisar, masu sa-kai na kula da wani garke tun farkon shekarun 1990. Sifen ta bi sahu da dokar 2023 wadda ta wajabta wa ƙananan hukumomi wannan tsari.

Turkiyya na da doka mai lamba 5199 ta 2004, amma a Santambul al'ada ta riga doka. Masu shaguna na ajiye kwanon ruwa a ƙofa, ana kafa wa maguna 'yan ɗakunan katako a gefen titi, kuma hukumomin birnin na da asibitocin da ke yi musu aiki. Tushen wannan ɗabi'a sananne ne ga mai karatu: hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. A Alƙahira, ana danganta wa Sarki Baibars na ƙarni na 13 wakafin wani lambu don ciyar da magunan da ba su da kowa. Sai dai ciyarwa ita kaɗai, ba tare da hana haihuwa ba, ƙara yawan masu jin yunwar baɗi take yi.

Masu adawa, da hujjarsu

Masu kare tsuntsaye da namun daji ba su gamsu ba, kuma ba da wasa suke ba. Magen da aka yi wa aiki ba ta daina farauta. Ko ta ƙoshi tana kamawa. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2013 ya ce maguna na kashe tsuntsaye biliyan 1.3 zuwa 4 a shekara a Amurka, mafi yawa ta hannun marasa gida. Wani nazari na 2016 ya danganta su da ƙarewar nau'o'in dabbobi 63 a duniya, akasari a tsibirai. Shi ya sa Ostareliya, wadda dabbobinta ba su taso da sanin mage ba, ta shelanta a 2015 burin kashe miliyan biyu zuwa 2020.

Amsar da ta fi kama hankali ita ce ta wuri. A gandun daji, ko fadamar da tsuntsaye ke sauka, ko tsibiri, bai kamata a mayar da mage ba. A tsakiyar kasuwa, inda abin farautar ɓera ne da ƙadangare, kuma mutane ba za su yarda da kisan da ake buƙata ba ko da an iya, mayarwar ta fi barin abin haka nan.

Lafiyar jama'a da maganar ɓera

Ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 99 cikin 100 daga kare ne. Amma mage na iya ɗauka ta kuma yaɗa. Duk wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira alama, domin idan alama ta bayyana an makara. Akwai kuma ƙwayar toksofilasma da ke fita a kashin mage, mai haɗari ga ɗan tayi da masu raunin garkuwar jiki. Ƙwayar na buƙatar kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa kafin ta iya kama mutum, don haka kwashe kashin kullum na rage haɗarin, kuma mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki.

Ga ɗan kasuwa tambayar ita ce ta ɓera. Cikin shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya kan zazzaɓin Lassa akwai ajiye mage a gida, tare da adana hatsi a mazubin da ɓera ba ya shiga da nisanta shara. Kada dai a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. A wata cibiyar tace shara a Burukilin ta birnin Niyu Yok, kyamarori sun yi kwana 79 suna kallon maguna da manyan ɓeraye, suka ga kisa biyu kacal. Ƙananan ɓeraye take kamawa, manya kuwa sun fi ɓuya idan suka ji ta. Mai tsammanin za ta tari gafiya bai san mage ba. Kuma aikin hana haihuwa ba ya rage mata farauta, haka ciyar da ita; mai ƙoshin lafiya ta fi mai rama zama wuri ɗaya.

Idan kasuwa ko unguwa za ta gwada

Farawa da ƙirga ake yi: mutum biyu su zaga da asuba da bayan magariba na mako guda, su ɗauki hoton kowace mage da waya, su rubuta launi da wuri. Daga nan a san nawa ne kashi 70. Sai a nemi likita tun kafin a ɗana tarko ko ɗaya. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da asibitocin dabbobi na jihohi, su ne wuraren fara tambaya, kuma ya fi sauƙi a yi ciniki kan garke guda fiye da ɗaya-ɗaya. Idan kuɗi bai isa ba, a fara da mata.

Ciyarwa ta zama a wuri ɗaya, nesa da rumfunan abinci, sau ɗaya a rana, a ɗauke kwano bayan rabin sa'a don kada ya zama liyafar ɓera. A rufe bola, a hana zubar da kayan cikin kifi da na kaji a kwata. A naɗa mutum guda, ko maigadi ne, wanda zai riƙa lura da duk baƙuwar da kunnenta bai da yanka, domin mace ɗaya da aka tsallake na iya mayar da aikin shekara baya. Idan dole ta sa a sauya wa garke wuri, misali za a rushe gini, sai an tsare su a sabon wurin cikin keji mai faɗi na mako biyu zuwa huɗu ana ciyar da su kafin a buɗe. In ba haka ba, a daren farko za su kama hanyar tsohon gida.